Ajin nazare: a bar yara su kawo darasin

Tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage yawan darussan firamare da sakandare a 2025, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Amma a duk wannan hayaniya da wuya ka ji wanda ya leƙa ajin nazare, inda yara 'yan shekara uku ke shigowa da jaka ta fi ƙarfin bayansu.

A makarantun kuɗi da yawa, kafin a buɗe zango an riga an rubuta abin da za a koyar har mako na ƙarshe. Wannan makon sassan jiki, na gaba ababen hawa, na bayansa 'ya'yan itatuwa. Anti ba ta da ikon sauya ko layi ɗaya, domin shugabar makaranta za ta duba littafinta ranar Juma'a. Sai ka ga ƙadangare ya faɗo ta taga, yara sun yi caa a kansa, wannan na tambayar dalilin jan kansa, wancan na nuna guntun wutsiyarsa. Abin da Anti ke da shi kawai tsawa: "Ku koma ku zauna!" Makon jirgin ƙasa ake ciki, jirgin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Alhali a jikin ƙadangaren nan akwai ƙirga, akwai launi, akwai zane da tatsuniya, har da harafin da za a ɗora a allo.

Abin haushin shi ne, da yawan makarantun nan sun manna sunan Montessori a allon ƙofa. Ita Maria Montessori da ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, tushen aikinta lura da yaro ne da barinsa ya zaɓi abin da zai taɓa. Sunanta kawai aka ɗauko don a ƙara kuɗin makaranta.

A Reggio Emilia da ke arewacin Italiya, iyaye ne suka fara gina makarantar yara da hannunsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, malami Loris Malaguzzi ya shiga cikinsu, daga baya a 1963 hukumar birnin ta buɗe tata. A can malamai na rubuta hirar yara, su zauna su tattauna, sannan su tsara mataki na gaba daga abin da suka ji. Wata makarantarsu ta shafe watanni tana gina wa tsuntsaye wurin wasa, saboda yara ne suka kawo shawarar. A hanya suka koyi awo, suka gane yadda ruwa ke juya ƙafar injin ban ruwa. Wannan ya fi kwafe jadawali wahala nesa ba kusa ba, kuma ina zargin wahalar ce ake gudu.

Masu cewa yaro bai san abin da yake so ba, da alama ba su taɓa zama da ɗan shekara huɗu na rabin awa ba. Batun cunkoso kuwa, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, ta kuma ce a koyar ta hanyar wasa. Wanda ya cusa yara sittin a ɗaki ɗaya don riba, bai dace ya fake da cunkoson da shi ya jawo ba.

Mu iyaye ma da namu laifin. Mu ne ke zuwa ofis da faɗa idan ba a ba yaro aikin gida ba, mu ne ke tambayar na nawa ya zo a aji. Makaranta kasuwa take yi, abin da mai saye ke nema shi take sayarwa.

A bar wa Anti ko da kwana biyu a mako ba tare da jadawali ba, a ba ta littafin da za ta riƙa rubuta tambayoyin yara. Masu duba makarantu daga ma'aikatar ilimi kuma, idan sun zo, su fara neman wannan littafin kafin rajista.