Awarar Yanyawa

Koyon noman shinkafa ya kai ni wani ƙauye a lardin Nigata na ƙasar Japan, aka sauke ni gidan wata tsohuwa manomiya. Tsoron naman alade ya sa kullum farar shinkafa nake ci gaya, har wandona ya fara zamewa.

Ran nan mun tashi daga dashe, na nufi inuwar wasu itatuwa a bakin gona. Wata 'yar jar ƙofa ce ta katako, ba katanga, sai gumakan yanyawa biyu na dutse sanye da jan ƙyalle a wuya, ɗaya da mabuɗi a baki. A gabansu faranti, cike da soyayyar awara! Na ce lallai mutanen nan sun san sadaka. Na yi bisimilla na share, na wanke farantin a magudanar gona, na kife shi, don a san ɗan gidan mutunci ne ya ci.

Da dare jikan tsohuwar ya warware mini. Wurin bautar Inari ne, abin bautar shinkafa a addinin Shinto, kuma irinsa sun kai dubu 30 a ƙasar, babbansu na Fushimi a Kiyoto tun shekarar 711. Yanyawa ce 'yar aikensa, mabuɗin na rumbu ne, awara kuwa wai ita ce abincin da ta fi so. Na yi ta istigfari cikina na ƙugi.

Tsohuwa dai ta saba hankaki su ɗauke, amma a rayuwarta ba ta taɓa ganin hankakan da ya wanke kwano ba. Ta zaga maƙwabta tana cewa bana sai an ƙara rumbu. Washegari ta ninka awarar.

Yaron nan bai iya riƙe magana ba. Da ya tona, na ce yau sai filin jirgi. Tsohuwa ta dube ni ta daɗe. A tatsuniyoyinsu yanyawa kan rikiɗa ta zama baƙo ta shigo gari, saboda haka ta tashi da ƙyar, ta zagaya bayana, ta ɗaga gefen rigata.

"Kaka, lafiya?"

"Tsaya tukuna," in ji ta ta bakin jikan, "wutsiya nake nema."