Rigar ruwan goro da tambayar 'yata

A ƙarshen Satumba 'yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Baba, me ya sa suka ƙwace mata rigar? Ai kakarta ce ta saya mata." Sai da na ajiye kofin shayi na tambaye ta wace riga, wace kaka.

Ashe malamarsu ce ta ba su labarin Phyllis Webstad, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar Kanada, wato mutanen da Turawa suka tarar a nan. A 1973, tana da shekara shida, kakarta ta lallaɓa ta saya mata sabuwar riga ruwan goro don ranar farko a makarantar kwana ta St. Joseph's Mission, kusa da garin Williams Lake a nan Kanada. Tana isa aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba. Daga wannan labarin ne tun 2013 ake sa riga ruwan goro ranar 30 ga Satumba, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta mai da ranar ta tunawa a hukumance.

Wani abokina, mutumin Zariya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, abin bai yi masa daɗi ba. A ganinsa yara sun yi ƙanƙanta da wannan nauyi, kuma mu baƙi ne, ba kakanninmu suka aikata ba, meye namu a ciki? Ban raina maganarsa ba, don shi ma tausayin ɗansa yake ji. Amma ban yarda ba.

Kimanin yara 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai irin waɗannan makarantun kwana, gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa. A aske wa yaro gashin da a al'adarsa ba a taɓawa da wasa, a canja masa suna, wani lokaci lamba kawai za a ba shi, in ya yi yarensu a dake shi. Wa da ƙanwarsa suna harabar makaranta ɗaya amma ba halin magana. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya kai rahoto cewa tarin fuka na ƙarar da yaran, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Hukumar gaskiya da sasantawa da alƙali Murray Sinclair ya jagoranta ta saurari mutum fiye da 6,000, ta tabbatar da mutuwar yara sama da 3,000. Kuma sai a 1996 aka rufe makarantar Gordon a Saskatchewan. Wanda ya yi zama a cikinta yana iya zama direban bas ɗin da ke kai 'yata makaranta.

Nan ne maganar "mu baƙi ne" ta kasa shiga kaina. Muna shan ruwan ƙasar, 'ya'yanmu suna rera taken ƙasar kowace safiya, wasunmu har fasfo sun karɓa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda nake tare da abokina shi ne a kan yadda ake faɗa. Ɗan shekara shida ba ya buƙatar jin cin zarafin da aka yi a ɗakunan kwana, ko bayanin na'urar da ta nuna alamun da ake zaton kaburbura ne a harabar tsohuwar makarantar kwana ta garin Kamloops a 2021. Wannan sai ya girma. Ita kanta hukumar, a shawararta ta 62 cikin 94 da ta bayar a 2015, cewa ta yi a koyar tun daga ajin rainon yara, amma daidai da shekarun yaro. Riga, gashi, suna, kewar uwa da dare: waɗannan yaro ya fi babba gane su. 'Yata ba ta san mene ne mulkin mallaka ba, amma ta san zafin a karɓe maka abin da kakarka ta ba ka.

Ni kaina da na ji batun yare sai na tuna firamarenmu, inda ake rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji a ci shi tara. Ba na haɗa su, Allah ya kiyaye, mu da yamma gida muke komawa mu ci tuwon uwarmu. Amma na ɗanɗani kunyar da ake sa wa yaro a kan harshensa.

Abin da ke ɗan damuna daban ne. Riga tana da arha. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, Fafaroma Francis ya zo har Alberta ya nema a 2022, amma ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin yaran da hukuma ta ɗauke ta ba wasu riƙo 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ne, alhali ba su kai kashi goma cikin ɗari na yaran Kanada ba. In yaro ya tashi da tunanin an sa riga an gama, an koya masa rabin labari.

Daren nan da za ta kwanta ta sake tambayata ko an mayar wa Phyllis rigarta. Na ce a'a. Ta yi shiru, sannan ta ce in kira mata Hajiya a Kano gobe, tana so ta gaishe ta da Hausa.