Ba ƙarfin intanet kaɗai ke gyara taron bidiyo ba

Da zarar hoto ya daskare ana tsakar taron bidiyo tsakanin wata jami'a a Kano da takwararta a Accra, sai ka ji an ce a ƙaro data. Alhali sau da yawa ba yawan datar ne matsalar ba, jinkiri ne. Taron bidiyo mai kyau bai cika buƙatar fiye da megabit 3 ko 4 a daƙiƙa ba. Amma hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne ke yin daƙiƙa ɗaya) kafin ta isa kunnen mai sauraro. In ta wuce sosai, sai ka ga farfesoshi biyu suna ta katse juna, kowa na cewa “bismillah, ci gaba”.

Nisan hanya ke jawo haka. Saƙo daga Najeriya zuwa Ghana kan bi wayar ƙarƙashin teku har Landan, sannan ya juyo. In kuwa saƙon ya bi ta tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita 36,000, hawa da sauka kawai na cin kusan rubu'in daƙiƙa, wato milisakan 250.

Shi ya sa aka kafa WACREN, wata hanyar sadarwar intanet ta bincike da ilimi, don jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su haɗu kai tsaye, su kuma sadu da GÉANT, takwararta ta Turai.