Ba kowane kwabo mai aibi ne mai tsada ba

Mutane da yawa da zarar sun ga tsohon sulai ya lanƙwashe ko gefensa ya gutsure, sai su ce kuskuren ma'aikatar buga kuɗi ne, masu tara tsaba za su saye shi da tsada. Galibi wahalar yawo ce kawai, kuma ita rage daraja take yi.

Kuskure na gaske yana faruwa ne kafin kuɗin ya bar ma'aikata. Dubi kwabon Amurka na 1955 da aka buga a Philadelphia: hatimin ƙarfen da ake bugawa da shi ne ya ɗauki zane sau biyu, shi ya sa shekarar da rubutun suka fito biyu-biyu, iri ɗaya a dubban kwabbai. Haka a Ingila, wasu sulallan 20p na 2008 sun fita babu shekara, saboda an haɗa tsohuwar fuska da sabon baya, waɗanda duk ba su ɗauke da shekara.

Don gane bambancin, sa kuɗin a haske ka shafa da farce. Idan hatimi ne ya tsage, layin zai taso sama da fuskar kuɗin. Ƙarzuwa kuwa nutsewa take yi, ta ture ƙarfe gefe, cikinta na ƙyalli. In gutsurewar daga ma'aikata ce, za ka ga bakin da ke ɗaya ɓangaren, daidai da ita, ya fito a raunane. Wanda aka datse da almakashi bakinsa kaifi ne.

Hujin kwabon zamanin Turawa dai da gangan aka yi shi. Kuma kada ka goge tsohon kuɗi da toka don ya yi haske, gogewar ma lahani ce a wajen mai saye.