Nibiru Ta Sake Tasowa a Fadarmu

Wallahi na gaji. Kullum in mun zauna shan shayi a fadarmu ta Bukoki, sai wani yayanmu ya miƙo min salula: "Ƙane, dubi rana biyu!" Wai duniyar Nibiru ce ta kusa yin karo da mu. Haba Yaya! Hasken rana ne ya daki gilashin kamara. An ce za a yi karon a 2003, aka ɗaga zuwa 2012, aka koma 2017, ga mu nan muna hura gawayi. Abu mai girman haka, da ya matso kowa a Yamai zai gan shi da idonsa, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma ta faɗa. Jiya kuma tauraruwa Zara matar wata ya nuna min bayan magariba wai ita ce Nibiru, har shayinmu ya ƙone.