Idan kuɗin gini ya gaza, siminti ake fara cuta

Shekara uku ke nan ina tsaye a kan ginin gidan yayana a Kano, shi yana aiki a Legas yana turo kuɗi, ni kuma ina fama da magina da masu tifa. Abin da na fahimta a wannan tsakani shi ne, a cikin kuɗi da wa'adi da inganci, inganci ne kaɗai ba shi da bakin kai ƙara. Idan kuɗi ya ƙare, a ranar mai gida zai sani, idan wa'adi ya wuce kuwa kowa yana gani, amma idan aka rage siminti, ko aka sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, filasta za ta rufe, fenti ya bi baya, sai an sha damina biyu ko uku sannan bango ya fara tsagewa.

Lokacin da muka yi ƙiyasi a farkon 2023, buhun siminti bai kai naira 5,000 ba. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, darajar naira kuma ta faɗi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, kuɗin rodi da na dakon yashi suka bi sahu. Ɗan kwangilar da muka ba jinga bai zo neman ƙari ba, har ina yabon kawaicinsa. Wata safiya na ɗauki bulo ɗaya na danna kusurwarsa da babban yatsa, sai ya marmashe kamar busasshen tuwo. Na tambayi yaron da ke bugawa guda nawa yake fitarwa a buhu, ya ce: "Sun ɗan haura hamsin, Alhaji, haka maigida ya ce." Mu kuwa talatin muka yi da ɗan kwangilar.

Ban wanke shi ba, amma mu ma da laifinmu, domin mun ɗaure shi a kan farashi guda ba tare da mun rubuta abin da za a yi idan kasuwa ta motsa ba. Wanda aka bari ya zaɓa tsakanin asararsa da bangon wani, an san inda zai karkata. Ko gwamnati ba ta tsira daga wannan ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka ba Julius Berger a kan kimanin naira biliyan 155, aka fara a 2018 da wa'adin shekara uku, ta yi ta jan ƙafa farashi yana hawa, har aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024 saboda an kasa daidaitawa a kan kuɗi.

Gaggawa ma ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Da muka zuba dakin, wato rufin kankare, yayana yana son tarewa kafin babbar salla, kafinta kuma yana son cire katakon tokara bayan kwana goma don ya kai wani aiki. Injiniyan da muka ɗauko bayan maganar bulo ya ƙi, ya ce sai kankare ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma dole a riƙa ban ruwa safe da yamma, musamman a zafin bazara irin na Kano. Abin da muka biya shi gaba ɗaya bai kai kuɗin ƙofar get ba, amma za ka ga mutum ya sayi tayil na miliyoyi yana ƙyashin kuɗin mai duba aiki.

Ra'ayina shi ne, duk wanda kuɗi ya gaza masa ya rage girman gida ko ya jinkirta ado, kada ya taɓa harsashi da ginshiƙi da dakin, tunda su ba a sake su sai da rusau. Haka muka yi. Mun rushe layi huɗu na bulon nan, mun ajiye ɗaki biyu na sama sai wani lokaci, mun rubuta sabuwar yarjejeniya cewa mu za mu riƙa sayen siminti da rodi, ɗan kwangilar kuma a biya shi kuɗin aiki mataki-mataki bayan injiniya ya sa hannu. Salla ta wuce ba a tare ba, kuma har yau falon daɓen siminti ne.