Sunesis: Kalmar da Ta Fara a Mahaɗar Koguna

Duk mai karanta Sabon Alkawari da Hausa ya saba cin karo da "fahimta" ko "ganewa". A wurare da dama, kalmar Helenanci da ke ƙarƙashinsu ita ce sunesis, kuma asalinta daga haɗa abubuwa wuri ɗaya ne. Tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Almasihu, mawaƙin Girka Homa ya yi amfani da ita wajen kwatanta inda koguna biyu suka haɗu. A wurin Bagirke ke nan, mai fahimta shi ne wanda ya iya sada wannan da wancan har suka zama ruwa ɗaya.

Sau 7 kalmar ta zo a Sabon Alkawari. Tana cikin Luka 2:47, inda Yesu yana ɗan shekara 12 ya zauna tsakiyar malamai a Haikali, suna ta mamakin ganewarsa. Amma inda ta fi taɓa ni shi ne Markus sura 8, inda aikatau ɗinta ya fito. Almajirai na cikin jirgin ruwa, gurasa ɗaya tak a hannunsu, hankalinsu ya tashi. Sai Yesu ya tambaye su: ranar da aka ciyar da mutum 5,000, kwanduna nawa na ragowar gurasa kuka kwashe? Suka ce 12. Ranar mutum 4,000 fa? Suka ce 7. Lissafi bai kuɓuce musu ba ko kaɗan, su ne ma suka ɗauki kwandunan. Duk da haka ya tambaye su ko har yanzu ba su gane ba. Sun riƙe abin da ya faru, sun kasa haɗa shi da halin da suke ciki.

Wannan ne ke damuna da irin wa'azin da ke yawo a yau. A fizgo aya guda, a yanke ta daga 'yan uwanta, a manna a gilashin mota. Dubi Filibiyawa 4:13, mai cewa "zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni", wadda aka mayar taken nasara da arziki. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma a aya ta 12, wadda ke gabanta kai tsaye, cewa yake yi ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san samu ya san rashi. Wanda ya haɗa ayoyin biyu zai ga ƙarfin jurewa ake magana a kai, kuma da haka zai karanta wa maras lafiyar da ya yi wata uku a gadon asibiti.